Kafin A Zana Sabon Garin Gobe, A Tambayi Masu Kwana A Ciki

 

Yau Sabon Gari za mu leƙa, ta nan Kano. Wanda ya san unguwar ya bi ni a zuci. Wanda bai san ta ba, ya kasa kunne ya ji sunayen titunanta kawai: titin Igbo, titin Yoruba, titin Enugu, titin Aba, titin Abeokuta, titin Warri, titin Zungeru, titin Gold Coast, titin Freetown. Ga kuma titin France da na Ballat Hughes, masu ɗauke da sunayen mutanen da suka shugabanci unguwar a zamanin Turawa. Ko ba a yi maka ƙarin bayani ba, sunayen nan sun gaya maka cewa Najeriya ce sukutum, har da maƙwabtanta na bakin teku, aka tattaro aka zuba a wuri guda. Da asuba ka ji kiran salla, ranar Lahadi ka ji gangunan coci. A shago ɗaya sai a yi ciniki da Hausa, a ƙirga kuɗi da Igbo, a yi sallama da Turancin buroka.

Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911. Wajen 1913 Turawa suka yanka wannan unguwa a bayan ganuwa, domin akawuna da ma'aikatan jirgi da 'yan kasuwar da suka biyo dogo daga kudu, da waɗanda suka zo daga Saliyo da ƙasar da a yau muke kira Gana. A ofis aka zana ta, da rula da fensir, shi ya sa titunanta suka miƙe samɓal suna gittawa kan juna kamar gidan dara. Babu wanda ya tambayi mutanen da za su zauna ciki yadda suke so. Babu wanda ya tambayi mutanen birni da na Fagge irin maƙwabtakar da za a yi. Manufar Bature ita ce baƙo ya zauna gefe, ɗan gari ya zauna gefe, kada su cuɗanya. Turawan sun tafi, amma katangar da suka gina a zukata ta zauna, kuma mun biya kuɗinta da jini tun suna nan a rikicin 1953, sannan a na 1966 da 1991. Allah kada ya maimaita mana.

Wancan zane na shekara ɗari da 'yan kai shi ne har yanzu yake ɗauke da unguwar, kuma ya gaji. Fulotin da aka auna wa iyali ɗaya, yau bene ne hawa biyu ko uku, kowane ɗaki da iyalinsa, ƙasan kuma shaguna. 'Yan lungunan da aka bari a bayan gidaje domin masu kwasar bahaya, wasu an cinye su da gini, wasu sun zama juji. Kwatocin da aka haƙa wa 'yan dubban mutane su ne suke ɗaukar ruwan dattin ninkin-ba-ninkinsu, su gangara da shi rafin Jakara. Idan damina ta sauka kowa ya san abin da ake gani. Gobarar da ta tashi a kasuwar Sabon Gari a watan Maris na 2016 ta cinye shaguna sama da 3,000, ta kuma tuna mana abin da cunkoso da rashin hanyar motar kashe gobara suke haifarwa.

Saboda haka, ko ba jima ko ba daɗe, wani zai sake zana Sabon Gari. Ƙasar tana da tsada, tana jikin babbar kasuwa, tana kusa da filin jirgin sama na Malam Aminu Kano, kuma idon masu kuɗi da na hukuma yana kanta. Ni ba na adawa da gyara. Unguwar tana buƙatarsa da gaggawa. Abin da ya hana ni barci shi ne: ranar da za a shimfiɗa sabuwar taswirar a kan tebur, su wa za su kasance a zaune a gefenta, kuma a wane mataki za a kira su?

Na sha halartar abin da muke kira taron masu ruwa da tsaki, kuma duk ɗan jaridar da ke garin nan ya san yadda yake gudana. A kama zauren otal, a sa ƙarfe goma na safe ranar aiki, lokacin da ɗan kasuwa yake shago, ma'aikaci yake ofis, uwa take fama da girki da yara. A yi addu'a, a yi jawabin maraba, babban baƙo ya yi nasa. Sai injiniya ya haska zane a bango ya yi bayani da Turanci mai nauyi na awa guda. Zanen nan kuwa an gama shi, an buga shi da launi, wani lokaci ma an riga an ba da kwangila. Daga ƙarshe a ce saura minti goma, a ba mutum uku dama su yi tambaya. A raba abinci da kuɗin mota, a sa hannu a takardar halarta, washegari a ji a labarai cewa an tuntuɓi al'umma. Bayan wata uku sai mutum ya wayi gari ya ga jan fenti a bangon gidansa. Wannan sanarwa ce aka yi masa. Shawara kuwa, tun abu yana ɗanye ake neman ta, lokacin da maganar mutum za ta iya karkatar da layin da ake ja.

Za a ce mini ai an gayyaci shugabanni. Gaskiya ne, kuma ina girmama su. Hakimi da dagaci da mai unguwa, Eze Ndigbo da Sarkin Yarabawa da shugabannin sauran ƙabilu, limamai da fastoci, waɗannan mutane sun sha kashe wutar da da ta ci, da garin nan bai kwana lafiya ba. Duk tsarin da ya tsallake su ba zai je ko'ina ba. Amma mu gaya wa juna gaskiya: wanda yake kai wa ga shugabancin ƙungiyar ƙabila ko ta kasuwa yawanci dattijo ne, namiji, mai gidan kansa ko mai babban shago. Mafi yawan masu kwana a Sabon Gari kuwa 'yan haya ne. Idan aka ce za a faɗaɗa titi, mai gida yana lissafin diyya, ɗan haya yana lissafin inda zai kai yaransa su kwana. Idan aka gyara layi aka sa kwalta da fitila, mai gida ya samu ƙarin daraja, ɗan haya ya samu takardar ƙarin kuɗin haya. Mutum biyu ne masu yare ɗaya, masu zuwa coci ɗaya ko masallaci ɗaya, amma buƙatarsu ta sha bamban. A nan ne masu shirya taro suke yin kuskure: sukan ɗauka bambancin da ke unguwa irin wannan na ƙabila ne da addini kawai, sai su jera wakili ɗaya daga kowace ƙabila su ce an gama.

Akwai kuma wani abu da ba a cika lura da shi ba. Sabon Gari biyu ce, akwai ta rana akwai ta dare. Ta rana ta haɗa da ɗan dakon da ya taso daga Kurna ko Rijiyar Lemo, da mai A Daidaita Sahu, da ɗan garuwa mai tura kura, da mai tebur a bakin titi, da yarinyar da take sayar da abinci, da ɗan kasuwar da gidansa yake cikin birni amma rabin rayuwarsa a nan take. Waɗannan ba su da ɗaki a unguwar, amma a nan abincinsu yake. Ta dare kuwa ita ce ta mai jego da take jin warin kwata ta taga, da ɗalibin da yake karatu cikin ƙarar janareto, da tsohuwar da aka haifa a titin Warri, wadda Hausarta ta fi ta wasunmu, kuma ba ta san wani gida ba sai Kano. Tsarin da ya ji ɗaya bai ji ɗaya ba zai bar baya da ƙura.

To, shin ana iya jin ta bakin mutane masu yawa haka, masu yare daban-daban? Ana iyawa, kuma an yi a nan Afirka. Bari in kai ku Nairobi, babban birnin Kenya.

A kudu maso gabashin birnin, jikin rukunin masana'antu, a gaɓar kogin Ngong, akwai unguwar talakawa mai suna Mukuru. Manyan sassanta uku ne: Kwa Njenga, da Kwa Reuben, da Viwandani. Iyalai kusan 100,000 ne a ciki, yawancinsu a ɗakin langa-langa guda, ƙafa 10 tsawo ƙafa 10 faɗi, kuma akasarinsu haya suke yi. Mutanen sun fito daga kowace kusurwa ta ƙasar: Kamba, Kikuyu, Luhya, Luo, Kisii, Somaliyawa, Borana, Kirista da Musulmi. Takardun mallakar filin suna hannun wasu kamfanoni da attajirai da ba sa zaune a wurin, saboda haka kullum mazauna cikin fargabar rusau suke. Ruwa da wuta a hannun wasu gungun 'yan kama-wuri-zauna suke saye, da tsadar da ta fi ta unguwannin masu kuɗi. A watan Satumba na 2011 man fetur ya malalo daga bututu ya bi kwata a wani yanki da ake kira Sinai, wuta ta kama, mutum wajen 100 suka rasu. Mukuru ta fi Sabon Gari talauci nesa ba kusa ba, kada a ce na kwatanta su ta wannan fuska. Inda suka yi kama shi ne cunkoso, da yawan 'yan haya, da tarin yaruka a wuri ɗaya.

Mutanen Mukuru ba su zauna jiran tsammani ba. Suna da ƙungiyar mazauna irin waɗannan unguwanni mai suna Muungano wa Wanavijiji, wadda ginshiƙinta shi ne adashi, kuma mata ne ƙashin bayanta. Matan nan sun tara dubban sa hannu a kan matsalar banɗaki, suka kai wa hukuma. Tare da lauyoyi da malaman jami'a aka ƙirga ɗakuna, aka ƙirga banɗakuna da famfuna, aka zana taswirar kowane lungu. A watan Agusta na 2017 gwamnatin Nairobi ta ayyana Mukuru a matsayin yanki na musamman da za a yi wa tsari, aka dakatar da sabbin gine-gine na tsawon shekara biyu domin a samu sararin yin aikin. Ƙungiyoyi sama da 40 suka shigo, aka kasa su rukuni takwas, wasu kan ruwa da tsafta, wasu kan lafiya, wasu kan makarantu, wasu kan gidaje da hanyoyi, kowane rukuni tare da ma'aikatar da abin ya shafa.

Ga inda nake so masu sauraro su riƙe. Ba su fara da zauren taro ba. Sun fara da abin da suke kira nyumba kumi da Swahili, wato gida goma. Kowane iyali goma maƙwabtan juna su zauna su tattauna, su fid da mutum ɗaya. Irin wannan rukuni guda goma, wato iyalai 100, su haɗu a abin da suke kira baraza. Daga nan maganar ta hau zuwa babban yanki, inda ake zama da injiniyoyi da jami'an gwamnati. Ɗaruruwan matasa da mata na cikin unguwar aka koya wa aikin, su ne suke bi ƙofa-ƙofa. Hikimar wannan tsari ita ce, maƙwabtaka aka ɗauka a matsayin ma'auni. A cikin ɗakuna goma da ke tsakar gida ɗaya za ka samu ƙabila huɗu ko biyar, amma banɗaki ɗaya suke bi wa layi, kwata ɗaya ce take cika ta shigo musu. Matar da ba za ta taɓa ɗaga hannu a gaban kwamishina ba, a gaban maƙwabtanta tara za ta faɗi abin da ke ranta.

Sai aka zo kan lissafi. Masana suka ɗauko ƙa'idojin da ke littafi, na faɗin titi da girman filin makaranta da na asibiti da sauransu, suka ɗora a kan taswirar Mukuru. Sakamakon ya nuna cewa idan aka bi su sau da ƙafa, babu iyalin da zai rage a unguwar, kowa sai ya tashi. Da a ofis aka tsaya, da nan magana ta ƙare, sai katafila. Amma da aka mayar da lissafin gaban mutane, sai suka shiga ciniki da masana. Suka ce yawancinmu a ƙafa muke tafiya, me za mu yi da titi mai faɗin na tsakiyar birni? A ba mu wanda motar asibiti da ta kashe gobara za su iya shiga. Suka nuna lungunan da mutane suka fi bi, da inda ruwa yake kwanciya, da inda mace ba ta iya wucewa bayan magariba. Da haka aka rage faɗin hanyoyi, aka bi sawun waɗanda ke akwai, yawan waɗanda aikin zai tasa ya ragu ƙwarai. Kuma da yake su suka zaɓi inda hanya za ta bi, da aka zo aiki a 2020, mutane da yawa da hannunsu suka ja ɗakunansu baya. An yi tituna, an haƙa rijiyoyin burtsatse, an gina asibitoci, an gwada ƙananan bututun bahaya masu sauƙin kuɗi a wani layi na Kwa Reuben.

Da a nan labarin ya tsaya, da na ji daɗi. Amma ba zan ɓoye muku sauran ba. A watannin Oktoba da Nuwamba na 2021 katafiloli suka shiga Kwa Njenga da rakiyar 'yan sanda, da sunan buɗe titin Catherine Ndereba, rusau ɗin kuma ya zarce iyakar titin ya ci gidajen da ke gefe. Dubban ɗakuna suka kwanta, dubun-dubatar mutane suka koma kwana a tanti. Mutanen da suka yi shekaru suna zaman gida goma, suna ba da lokacinsu kyauta, su ne aka wayi gari suna tono kwanukansu daga ƙarƙashin ɓaraguzai. Wannan ya faru ne a ƙasar da kundin tsarin mulkinta na 2010 ya sa jin ra'ayin jama'a cikin ginshiƙan mulki, har kotuna sukan soke doka idan ba a yi shi ba. Ni abin da na ɗauka daga nan shi ne, duk kyan shawara, idan ba a ɗaure ta da doka ba, idan ba a fayyace maganar mallakar ƙasa da haƙƙin ɗan haya ba, to wata hukuma daban za ta iya zuwa da safe ɗaya ta share ta. Kuma wanda aka nemi shawararsa sannan aka rushe shi, ciwonsa ya fi na wanda ba a taɓa tambaya ba, domin an haɗa masa da cin amana.

Mu dawo gida. A farkon shekarun 1960 wani Bature masanin tsara birane mai suna Trevallion ya rubuta wa Kano tsari na shekara 20, daga 1963 zuwa 1983. Wa'adinsa ya cika fiye da shekara 40 da suka wuce, garin kuma ya tumbatsa ta kowace fuska. Dokar tsara birane ta ƙasa ta 1992, mai lamba 88, ta tanadi a baje daftarin tsari jama'a su gani, mai ƙorafi ya kawo a rubuce. A 2003 kuma Kotun Ƙoli ta yanke cewa tsara birane hurumin jihohi ne. Wato wuƙa da nama suna hannun gwamnatin jiha da majalisarta da hukumar tsara birane ta jiha, wato KNUPDA. Babu wanda za mu jira daga Abuja. Amma a duba wannan tanadi na kawo ƙorafi a rubuce. Ɗan garuwa ne zai je ofis ya karanta taswira ya rubuta takarda? Hukuma ce ya kamata ta taka ta same shi.

Mun ga abin da ya faru da kasuwar magani. A watan Fabrairu na 2024, bayan hukuncin kotu, hukumomi suka rufe shagunan magani sama da 1,000 a Sabon Gari da kewayenta, aka ce su koma sabuwar cibiyar da aka gina a Dangwauro, kan titin Zariya. Ni ina goyon bayan a raba magani da rana da ƙura, a kai shi inda za a iya sa ido a kansa, domin lafiyar miliyoyin mutane ce. Amma shekarun da aka ɓata ana ja-in-ja da zaryar kotu sun isa su nuna mana cewa zaman da ba a kammala a farko ba, za a yi shi a ƙarshe, a gaban alƙali, da tsada. Sannan a bayan kowane shago akwai ɗan dako da mai abinci da mai shayi da suke ci daga gare shi, waɗanda ba su da ƙungiyar da za ta ɗaukar musu lauya.

Ba sai mun aro komai daga Kenya ba in ban da tsarin. Kayan aikin muna da su. Mu ne masu aikin gayya. Ƙungiyoyin taimakon kai da kai na Kano sun daɗe suna yashe kwatoci da gyara maƙabartu ba tare da an biya su ba. Muna da tsaftar ƙarshen wata, ranar da kowa yake ƙofar gidansa da safe. Muna da adashin mata, da ƙungiyoyin 'yan gari ɗaya da suke taro duk Lahadi da yamma, da majalisun matasa, da masu unguwannin da suka san kowane gida. A Sabon Gari, gidan haya guda shi kansa ya kai gida goma. A fara daga nan. Kowane gida ya fid da mutum ɗaya daga cikin 'yan haya, ban da mai gidan. Kowane layi ya yi zamansa, da Hausa da Igbo da Yarabanci da buroka, yadda kowa zai ji da kunnensa. A kauce wa lokacin Juma'a da safiyar Lahadi da tsakiyar cin kasuwa. Mata su samu zamansu daban kafin a haɗu, domin akwai maganar banɗaki da ta tsaron dare da ba za su yi a gaban maza ba. Masu zuwa da rana kuma a same su a inda suke, a tasha da bakin kasuwa.

Kuma a fara da abin da ya haɗa mutane. Kwata ba ta tambayar addinin wanda za ta shiga ɗakinsa. Idan Musulmi da Kirista suka yi wata shida suna zama a kan ruwa da shara da fitilar titi, suka ga abu ɗaya ko biyu sun tabbata, to sun samu yardar da za su iya taɓa masu zafin. Masu zafin kuwa suna nan, kada mu yaudari kanmu. Akwai maganar mashaya da otal-otal a tsakiyar gidajen iyali, wadda take damun uwa Kirista kamar yadda take damun uwa Musulma. Akwai lasifikar coci da ta masallaci a lungu ɗaya. Akwai tashoshin manyan motocin kudu a New Road, inda bam ya tashi a watan Maris na 2013, waɗanda wasu suke so a fitar da su bayan gari, wasu kuma da su suke ci. Za a yi saɓani, wani lokaci har a ɗaga murya. Gara a yi shi a kan benci a gaban mai unguwa, kowa yana ganin idon ɗan'uwansa.

Abin da ya fi komai muhimmanci a wurina shi ne komawa. Bayan an ji ta bakin mutane, hukuma ta dawo ta ce: kun faɗi abu goma, mun ɗauki shida, ga dalilin da ya sa huɗu ba za su yiwu ba. Mutanenmu ba yara ba ne, sun san ba duk abin da aka roƙa ake samu ba. Abin da ba sa yafewa shi ne a tara su, a rubuta maganarsu, a tafi, shiru kamar an aiki bawa garinsu. A liƙa taswirar a sakatariyar ƙaramar hukumar Fagge, da ƙofar kasuwa, da harabar masallatai da coci-coci. A kawo ta gidajen rediyo irin wannan, a buɗe layin waya, injiniyan da ya zana ya zauna ya amsa da bakinsa. Idan an kammala, majalisar jiha ta ba ta ƙarfin doka, da tanadi bayyananne na wa'adi da diyya ga ɗan haya, domin kada abin da ya samu Kwa Njenga ya same mu.

Na san wani jami'i yana saurare yana cewa wannan zai ci lokaci da kuɗi, ga wa'adin gwamnati shekara huɗu ne kacal. Haka ne, zai ci. Mukuru ta ɗauki fiye da shekara biyun da aka yanka mata. Amma a ɗora kuɗin benci da lasifika da alawus ɗin matasa masu bi gida-gida a sikeli ɗaya, a ɗora kuɗin shari'a da diyya da kasuwannin da aka gina aka ƙi shiga a ɗayan, a ga wanda zai rinjaya. Mu da muke da sura guda a Alƙur'ani mai suna Shura, bai kamata a ce sai an lallashe mu kafin mu nemi shawarar maƙwabci ba.

Ina da magana biyu kuma, ɗaya ga 'yan'uwana Kanawa, ɗaya ga 'yan'uwana mazauna Sabon Gari. Mu daina cewa ai baƙi ne, me ya kai su maganar tsarin gari. Mutumin da aka haifi kakansa a nan, yake biyan haraji a nan, ya binne iyayensa a nan, yana da bakin magana a kan kwatar ƙofar gidansa. Ku kuma, ku daina cewa ni zaman kasuwa nake, gidana yana can garinmu. Shekara 40 a ɗaki ɗaya ta wuce zaman kasuwa. Idan aka kira taron layi kuka ƙi fita, wani zai yanke muku hukunci kuna shago.

Wannan magana ba ta tsaya a Sabon Gari ba. Nomansland da Brigade da Badawa da Dakata da Naibawa duk sun zama unguwannin gamin gambiza, kuma a gefen gari kullum ana yanka sababbi da awon igiya, babu filin makaranta, babu hanyar ruwa. Waɗannan sababbin su ne suka fi sauƙin ceto, domin siminti bai gama bushewa ba.

Ina kira ga hukumar KNUPDA da ƙaramar hukumar Fagge da masu wakiltar yankin a majalisa: ku zaɓi layi biyu ko uku a Sabon Gari ku gwada wannan tsari kafin damina mai zuwa, a kan maganar kwata kaɗai, mu ga abin da zai fito. Kai kuma mai sauraro, ko kana titin Enugu ko kana Kurna, a wannan makon ka ƙwanƙwasa ƙofar maƙwabta tara, ku zauna ku rubuta abu uku da suka fi damun layinku, ku kai wa mai unguwa, ku ajiye kwafi a hannunku.

Sai Allah ya kai mu mako mai zuwa. A huta lafiya.